Sarkin Sin Da Ya Toshe Kunnensa: Tarihin Shuwanzong

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai yi doguwar tafiya zuwa ƙasar Sin, mu dubi wani sarki da mutanen ƙasar har gobe suke ja-in-ja a kansa. Wasu na cewa Sin ba ta taɓa ganin zamani mai albarka irin nasa ba. Wasu kuma na cewa shi ne ya karya lagon daularsu. Abin mamaki, kowane ɓangare gaskiya ya faɗa. Sunan da iyayensa suka raɗa masa Li Longji, amma tarihi ya fi saninsa da laƙabin da aka sa masa bayan mutuwarsa. A littafi ana rubuta shi Xuanzong, a baki kuwa Shuwanzong ake cewa, kuma haka za mu riƙa kiransa.

An haife shi a shekarar 685, ya hau gadon daular Tang a 712, ya sauka a 756. Shekara 44 ke nan, babu sarkin Tang da ya kai shi daɗewa. Don mu gane zamanin sosai, ya hau sarauta shekara ɗaya bayan Musulmi sun tsallaka Andalus, wajen lokacin da aka haifi Imamu Malik a Madina. Yana kan gado Umaru ɗan Abdul'aziz ya yi halifanci, yana kan gado daular Banu Umayya ta faɗi Abbasiyawa suka karɓa a 750. Ya mutu a 762, shekarar da Halifa Mansur ya aza harsashin birnin Bagadaza.

Yadda ya hau gado

A gidan tsoro ya tashi. Kakarsa Wu Zetian ita kaɗai ce macen da ta taɓa riƙe sarautar Sin da sunanta, kuma a zamaninta aka kashe mahaifiyarsa yana yaro ƙarami. Bayan tsohuwar ta sauka a 705, sai fada ta zama kasuwar muƙamai, mai kuɗi ya sayi sarauta a hannun matan gidan sarki. A 710 sarki mai ci, wanda baffansa ne, ya mutu, matarsa Wei ta yi yunƙurin riƙe mulki. Shuwanzong yana ɗan shekara 25 ya haɗa kai da gwaggonsa Taiping, suka shiga fada da dare da dogarai, aka kashe Wei, aka mayar da mahaifinsa kan gado. Shekara biyu bayan haka uban ya sauka ya ba shi. To, gwaggon nan ba ta so haka ba, domin yawancin waziran fada mutanenta ne. A 713 ya riga ta motsi, ya kama mutanenta, ita kuma aka tilasta mata ta kashe kanta. Daga nan ne mulki ya zama nasa shi kaɗai.

Shekarun gyara

Abu na farko da ya yi shi ne neman mutanen da za su iya duban idonsa su ce masa a'a. Ya kira wani dattijo mai suna Yao Chong ya ce ya zama waziri. Littattafan tarihin Sin sun kawo cewa dattijon bai karɓa ba sai da ya gindaya sharuɗɗa goma. Daga ciki akwai cewa dangin matan sarki kada su riƙe muƙami, babanni, wato bayin fada da aka dandaƙe, kada su tsoma baki a mulki, a daina karɓar gaisuwa bayan haraji, a daina neman suna da yaƙin kan iyaka, kuma duk wanda ya faɗa wa sarki gaskiya kada a taɓa shi. Sarki ya ce ya yarda da duka. Mu riƙe waɗannan sharuɗɗan, za mu ga yadda aka warware su ɗaya bayan ɗaya.

A 714 ya sa aka tara tufafin alfarma da lu'ulu'u na fada aka cinna musu wuta a gaban jama'a. Ya kori dubban mutanen da suka fake a gidajen ibadar Buda don gudun haraji. Ya rage muƙaman da aka saya da kuɗi.

A 715 da 716 fara ta sauka a gabashin ƙasar. Manoma suka ɗauka fushin sama ne, suka riƙa ƙona turare a bakin gona suna durƙusa mata, ba mai ƙarfin halin kashe ko ɗaya. Har a fada akwai wazirin da ya ce kashe ta zai jawo wani bala'in. Yao Chong ya ce a hura wuta da dare, a haƙa rami kusa da ita, farar da ta taho wajen haske a ƙone a binne, in akwai alhaki ya hau kansa shi kaɗai. Sarki ya saurara, ya goyi bayansa, ya aika jami'ai lardi-lardi su ga an yi. Shekarar ba a yi babbar yunwa ba. Kun ga, labari marar daɗi ya iso fada da wuri, an yi gardama a kansa a fili, an yi aiki.

Bayan Yao Chong sai Song Jing, mutum mai taurin kai a kan gaskiya. Daga baya aka yi wani waziri Han Xiu a 733, wanda ko farauta sarki ya fita, kafin ya huta takardar nasiharsa ta iso. Fadawa suka ce wa sarki tun da mutumin nan ya zo ka rame, me zai hana ka sallame shi? Sarki ya amsa cewa shi ya rame amma ƙasa ta yi ƙiba, kuma duk ranar da Han Xiu ya yi masa gardama yakan yi barci mai daɗi, ranar da aka ce masa "ranka ya daɗe, haka ne" kuwa ba ya runtsawa.

Gyaran bai tsaya a fada ba. Tsakanin 721 da 724 wani jami'i Yuwen Rong ya bi ƙasa ya shigar da gidaje sama da 800,000 cikin rajistar haraji, mutanen da a da suka gudu daga garuruwansu. Dawakin gwamnati da suke wajen 240,000 a farkon mulkinsa suka kai 430,000 a 725. Sai kuma matsalar abinci. Babban birni Chang'an, inda birnin Xi'an yake a yau, yana yankin da noman wurin ba ya isar mutanensa. In damina ta yi gardama, sai sarki ya kwashi fada kacokan ya koma Luoyang don a sami abin ci. Daga 734 wani waziri Pei Yaoqing ya gina rumbuna a bakin ruwa zango-zango, jirgin kudu ya sauke hatsi ya juya, na gaba ya ɗauka, inda ruwa ke da haɗari a bi ta tudu. Daga 736 sarki bai sake yin ƙaura don neman abinci ba.

Kasuwa da baƙi

Mu da muka san wahalar hanya, ga abin da zai fi burge mu. Wani masanin tarihi mai suna Du You, wanda aka haifa a zamanin, ya rubuta cewa a manyan hanyoyi akwai masaukai da abinci ko'ina, akwai jakunan haya, kuma falke yakan yi tafiya mai nisan gaske ba tare da ko wuƙa a jikinsa ba. Chang'an tana da mutane wajen miliyan ɗaya da manyan kasuwanni biyu, ta gabas da ta yamma. Da rana tsaka a buga ganga sau 300 kasuwa ta ci, kafin faɗuwar rana a kaɗa ƙarfe sau 300 kowa ya tashi. Hukumar kasuwa tana duba mudu da sikeli, kuma duk kwana goma tana rubuta farashin kaya hawa uku, mai kyau da matsakaici da na baya. Kasuwar yamma ita ce ta baƙi, Farisawa da Turkawa da mutanen Sugdu, wato ƙasar Samarƙandi da Buhara, waɗanda su ne manyan fataken hanyar alharini. Ta teku kuwa jiragen Larabawa da Farisawa suna sauka a Guangzhou, garin nan dai da 'yan'uwanmu ke zuwa saro kaya a yau. A 714 ne aka fara jin labarin jami'in da aka naɗa musamman don jiragen fatake a can.

A farkon mulkinsa jakadan Larabawa ya zo fada da kyautar dawaki. Aka ce ya faɗi ya yi gaisuwa goshi a ƙasa yadda aka saba, ya ce su ba sa yi wa kowa sujada sai Allah. Masu tsaron al'adar fada suka so a hukunta shi. Waziri Zhang Yue ya ce kowace ƙasa da al'adarta, sarki kuma ya ce a ƙyale shi.

Ilimi ma ya samu gata. A zamaninsa aka yi manyan mawaƙan Sin, Li Bai da Du Fu da Wang Wei, waɗanda har yanzu yara ke haddace baitocinsu a makaranta. Ya kafa makarantar kiɗa da rawa a fada, shi kansa gwanin kiɗa ne. Ƙidayar 754 ta nuna gidaje wajen miliyan 9 da mutane kusan miliyan 53. Da ya mutu a wajen 735, da yau babu mai tuna shi sai da alheri.

Bango ya fara tsagewa

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar ta fara ne a 736, lokacin da sarki ya haura shekara 50, ya yi shekara 24 a kan gado, ya gaji da gardama. Waziri na ƙarshe mai faɗin gaskiya shi ne Zhang Jiuling. A shekarar nan sarki ya sauke shi, ragamar fada ta koma hannun Li Linfu, wanda mutanen zamanin suka ce bakinsa zuma, cikinsa takobi.

A yi masa adalci, Li Linfu ya iya aiki. Ya tsara dokoki, ya iya lissafin baitulmali. Amma ya sayi babanni da bayin gidan sarki, duk abin da sarki ke so ya riga kowa sani, sai ya zo da shi kamar shawararsa. Akwai jami'an da aikinsu kawai shi ne su gaya wa sarki kuskurensa. Li Linfu ya tara su ya ce su dubi dawakin zage da ake jerawa a ƙofar fada, wanda ya tsaya shiru ana ba shi harawa mai kyau, wanda ya yi haniniya sau ɗaya a fitar da shi. Wani daga cikinsu ya ƙi ji ya rubuta wa sarki takarda, washegari aka tura shi ƙauye. Daga nan kowa ya ja bakinsa.

A 737 jami'an shari'a suka kai albishir cewa a duk faɗin ƙasa mutum 58 kawai aka yanke wa hukuncin kisa a shekarar. Aka yi ta taya sarki murna. A cikin wannan shekara ce kuma wata matarsa da yake ji da ita ta yi wa 'ya'yansa uku sharri, har da yarima mai jiran gado, ta ce suna shirya masa juyin mulki. Zhang Jiuling ya taɓa tare wannan magana, amma yanzu ba ya nan. Da sarki ya tambayi Li Linfu, sai ya ce wannan maganar cikin gida ce, ba ta waziri ba. Sarki ya tuɓe 'ya'yan nan uku, aka umarce su su kashe kansu. A 747 kuma sarki ya ce a yi jarrabawa ta musamman don a zaƙulo masu ilimin da aka manta da su. Li Linfu ya ji tsoron abin da za su rubuta, ya sa aka kayar da kowa da kowa, har da Du Fu, sannan ya je ya taya sarki murna cewa babu sauran mai basira a waje, duk suna cikin gwamnati.

Mowa da dillali

Matar nan da ta yi sharri ba ta daɗe ba ta mutu. Sarki ya shiga damuwa, sai idonsa ya faɗa kan matar ɗansa, wata yarinya 'yar gidan Yang. Aka raba ta da mijinta da sunan ta shiga bautar addinin Tao, aka yi wa ɗan wani aure, a 745 aka kawo ta fada da muƙamin Guifei, wato mowar sarki. Yana da shekara 60, tana da 26. Masaƙa da masu ɗinki 700 ke yi mata aiki ita kaɗai. Akwai wani ɗan itace mai suna lici da take so, mai saurin lalacewa, sai aka riƙa kawo shi daga kudu a kan dawakin aika saƙon gwamnati, ana sauya doki zango-zango. 'Yan'uwanta mata suka sami sarauta da gidaje, wani ɗan'uwanta Yang Guozhong, tsohon ɗan caca, ya yi ta hawa har ya gaji Li Linfu a waziranci bayan mutuwarsa a farkon 753. Ina sharaɗin Yao Chong na dangin mata? Ina tufafin da aka ƙona a 714?

A ɓangaren soja kuma wani abu ya canja. A da manoma ne ke yin aikin soja bi da bi, su gama su koma gona. Wannan tsari ya lalace, aka koma ɗaukar sojan dindindin a kan iyaka. Zuwa 742 akwai manyan rundunoni goma da soja wajen 490,000 a bakin iyaka, tsakiyar ƙasa kuwa kusan fayau. Sojan da ya shekara goma yana karɓar albashi daga hannun kwamandansa, wa ya sani in ba shi ba? Li Linfu ya ƙara da nasa. Ya lura cewa kwamandan da ya yi suna kuma yake da ilimi yakan dawo fada ya zama waziri. Sai ya shawarci sarki a riƙa ba baƙin ƙabilu rundunoni, wai sun fi jarumta kuma ba su da ƙungiya a fada. Dalilinsa na ciki shi ne ba su yi karatun da za su ƙwace masa kujera ba.

A nan An Lushan ya shigo. Ubansa mutumin Sugdu ne, uwarsa Baturkiya. Yana jin harsuna shida, kuma da dillanci da tafinta ya fara a kasuwar kan iyaka kafin ya shiga soja. Ya san yadda ake sayar da kaya, ya kuma san yadda ake sayar da kai. A 736 ya yi gangancin da ya jawo aka ci rundunarsa da yaƙi, Zhang Jiuling ya ce a zartar masa da hukuncin soja, sarki ya yafe masa. Ƙato ne mai tumbi har gwiwa, in ya zo fada sai ya mai da kansa wawan sarki. An ce sarki ya taɓa tambayarsa me ke cikin wannan tumbi, ya ce babu komai sai biyayya. Mowar sarki ta ɗauke shi ɗan riƙo. Zuwa 751 rundunoni uku na arewa maso gabas suna hannunsa, soja sama da 180,000.

Labarin da bai isa fada ba

Shekarar 751 ta zo da gargaɗi uku. A yamma, kwamanda Gao Xianzhi ya yi sulhu da sarkin Tashkent, sannan ya ci amanarsa, ya washe garin, ya aika da shi Chang'an aka kashe. Ɗan sarkin ya nemi taimakon Abbasiyawa. Aka gwabza a bakin kogin Talas da rundunar Ziyad ɗan Salihu, Turkawan Karluk da ke tare da Sinawa suka juya musu baya, rundunar Tang ta watse. Marubutan Larabawa sun kawo cewa fursunonin wannan yaƙi ne suka koyar da yin takarda a Samarƙandi, kodayake masana na yanzu sun nuna an san takarda a yankin tun kafin nan. A kudu maso yamma, rundunar mutum 80,000 da aka aika ƙasar Nanzhao ta yi asarar wajen 60,000. A arewa maso gabas An Lushan da kansa ya sha kashi a hannun ƙabilar Kitan.

Kwamandan da ya yi asara a Nanzhao mutumin Yang Guozhong ne, don haka aka rufa masa asiri, aka kai wa sarki labarin nasara. Aka riƙa kama samari ana sa musu mari ana tura su can. A 754 wata rundunar ta sake hallaka, aka sake cewa an yi nasara.

A 754 ɗin nan aka yi ruwa na fiye da kwana 60 a yankin babban birni, amfanin gona ya lalace. Sarki ya nuna damuwa, sai Yang Guozhong ya nemo zangarniya mai kyau ya kai masa, ya ce ruwa ya yi yawa amma bai taɓa hatsi ba. Wani gwamna, Fang Guan, ya rubuto gaskiyar abin da ya faru a lardinsa, sai aka tura masa masu bincike. Bayan haka babu wanda ya ƙara cewa uffan. To jama'a, ku ajiye wannan kusa da labarin farar 716. Sarki ɗaya ne, ƙasa ɗaya ce. Abin ma ya kai duk wanda ya zo ya ce An Lushan na shirin tawaye, sai sarki ya sa a ɗaure shi a aika wa An Lushan.

Ranar wanka

Yang Guozhong da An Lushan ba sa ga maciji, kowa na neman ganin bayan ɗan'uwansa. A watan Disamba na 755 An Lushan ya taso daga Fanyang, wajen da Beijing take a yau, da mutum 150,000, wai ya zo kawar da mugun waziri. Cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki ya ci Luoyang, ya naɗa kansa sarki. Gao Xianzhi da wani kwamanda Feng Changqing suka ja da baya suka tare mashigin Tong, wata maƙura tsakanin dutse da kogi wadda ita ce ƙofar Chang'an. Dabara ce mai kyau, amma wani baban fada ya kai sukarsu, sarki ya sa aka sare kawunansu a gaban sojojinsu. Wanda ya gaje su, Geshu Han, ya riƙe mashigin wata shida, 'yan tawaye suka fara rasa yadda za su yi. Yang Guozhong ya ji tsoron kada wannan runduna ta juyo kansa, ya zuga sarki a tilasta mata fita fili. Geshu Han ya fita yana kuka, aka yi musu kwanton ɓauna, runduna ta hallaka.

A watan Yuli na 756 sarki ya sulale daga Chang'an da asuba, ya nufi Sichuan, bai ko sanar da yawancin fadawansa ba. A hanya talakawa suka kawo masa abinci irin nasu, jikokinsa suka riƙa ci da hannu. Wani tsoho ya matso ya ce masa kowa ya daɗe da sanin nufin An Lushan, amma wanda ya je ya faɗa sai a hukunta shi, ya ce yana tuna zamanin Song Jing da ake faɗin gaskiya ƙasa ta zauna lafiya, kuma ba don wannan rana ba, ina talaka irinsa zai ga fuskar sarki? Sarki ya ce laifinsa ne.

Da suka isa zangon Mawei, dogarai masu yunwa da fushi suka kashe Yang Guozhong, suka ce ba za su motsa ba sai an kashe mowa. Tsohon sarki ya ce ita me ta sani a harkar mulki? Aka ce masa ransa ne a hannun sojan nan. Ya ba da izini, amintaccen bawansa Gao Lishi ya shaƙe ta. Tana da shekara 37. Yarima mai jiran gado ya rabu da uban a nan, ya nufi arewa, a garin Lingwu aka naɗa shi sarki. Sai daga baya labari ya iske Shuwanzong cewa an yi masa murabus. Yana Sichuan ya tuna da Zhang Jiuling, ya aika a kai gaisuwa kabarinsa.

Wa ya biya bashin?

An Lushan bai ci ribar abin ba, ɗansa ya sa aka kashe shi a farkon 757. Amma yaƙin bai ƙare ba sai 763. Don a ƙwato biranen, sai da aka nemo sojan Uigur, ladansu kuwa har da wasoson Luoyang. Aka janye rundunonin yamma, Tibet ta mamaye hanyar fatake, a 763 ma ta shiga Chang'an ta yi wajen mako biyu. Ƙidayar 764 ta sami mutane ƙasa da miliyan 17. Masana sun ce ba dukkan gibin ne mutuwa ba, da yawa gudu suka yi, wasu larduna kuma sun daina aiko da rajista, amma duk da haka waɗanda suka mutu miliyoyi ne. Gwamnonin soja suka zama sarakunan kansu, babanni suka riƙe fada. Daular ta ja jiki har 907, amma ba ta sake komawa yadda take ba.

Baƙi fatake kuwa, su da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, sun sha nasu. A 760 sojojin wani kwamandan gwamnati, Tian Shengong, suka shiga Yangzhou, babbar kasuwar bakin ruwa, da sunan murƙushe wani tawayen. Suka bi gida-gida suna wasoso, suka kashe dubban fatake Larabawa da Farisawa. Mutanen Sugdu kuma aka riƙa yi musu kallon 'yan'uwan ɗan tawaye, har wani kwamanda mai biyayya da ke da suna An ya roƙi a canja masa suna, aka ba shi Li Baoyu. Mu da muke zaune a garin wasu muna neman halaliyarmu, wannan ba sai an yi mana fassara ba.

Shi kuwa Shuwanzong ya dawo Chang'an tsoho marar iko. A 760 wani baban fada ya sa aka mayar da shi wani ɓangaren gidan sarki aka tsare, aka kore Gao Lishi daga gare shi. A nan ya mutu a 762 yana da shekara 76.

Mawaƙan Sin sun mai da labarin na soyayya, wasu malamansu kuma suka ɗora laifin duka a kan mace. Mu dai a namu ganin, yarinyar nan ba ita ta naɗa Li Linfu ba, an naɗa shi tun tana gidan mijinta na fari. Ba ita ta ba mutum ɗaya rundunoni uku ba. Mukan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma tarihin nan ya sa mu tambaya, wa ya zaɓi bafaden? Mutumin da ya zaɓi Yao Chong da Song Jing shi ne ya zaɓi Li Linfu da Yang Guozhong, kuma duk lokutan biyu abin da yake so ya ji shi ya samu. Rumbunan da ya gina da hanyoyin da ya tsare nasa ne, ba mai ƙwace masa. Gawarwakin Nanzhao da na Yangzhou ma akwai kasonsa a ciki.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Duk wanda Allah ya ɗora wa shugabanci, ko na gari ne, ko na kasuwa, ko na gida, in ya wayi gari shekara ta zagayo babu wanda ya kawo masa labari marar daɗi, to ya binciki ƙofarsa, ya ga wa ke tsaye a wurin. Allah ya ba shugabanninmu mashawarta na gari, ya ba su kunnen sauraro, ya zaunar da mu lafiya a inda muke. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.